Ana zagina a ƙarƙashin tallar ɗinkina

Tambaya: Ina ɗinki a Aboabo, Kumasi. Duk sanda na ɗora hoton kaya a Facebook, sai wata ta rubuto wai ni macuciya ce. In goge ko in rama?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki rama, masu saye amsarki suke aunawa, ba zaginta ba.

Fara duba littafin awo: ta taɓa kawo miki ɗinki? In ta taɓa, amsa mata sau ɗaya a fili, gajeru: "Hajiya, ki yi haƙuri, turo shaidar kuɗin da kika biya ta MoMo a WhatsApp mu duba." Sauran magana a can.

In baƙuwa ce, ɗauki hoton fuskar wayar, sunanta da kwanan wata a jiki, sannan ki ɓoye maganar maimakon gogewa. Wadda aka ɓoye, ita da abokanta kaɗai ke gani, don haka da wuya ta farga. Gogewa kuwa, sai ta ce kina da abin ɓoyo, ta dawo da zafi. Ta sake, toshe ta.

Barazana ko neman kuɗi wani abu ne daban: kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Gana, da hotunan nan a hannu.