Ƙananan kifin da dala ke kwasowa, da gaske ba sa girma?

Tambaya: Ni sakataren ƙungiyar masunta ne a wani ƙauye kusa da Yawuri. Kamu ya ragu sosai, ga kuma masu bincike na zuwa da dare da wata raga kamar rariya, suna tace ruwa suna ɗurawa a kwalba. Mutanenmu sun tsorata, wai so ake a hana mu kamun kifi. Dattawa kuma sun ce ƙananan kifin da dala, wato babbar ragar da ake ja zuwa gaɓa, ke kwasowa irinsu ne haka, ba sa girma, don haka babu asara. Me zan gaya musu?

Amsa: Malam, ka kwantar musu da hankali kan kwalbar nan. Ƙwai da sabon ƙyanƙyasa ake nema. Idon ragar rabin milimita ne, akan ja ta kamar minti 10, da na'ura a bakinta mai ƙirga yawan ruwan da ya ratsa. Da dare ake yi domin a lokacin 'ya'yan kifi suka fi bin ruwa. Abin da aka tace sai a jiƙa shi a fomalin, ruwan maganin hana ruɓewa, a ƙirga a madubin ƙara girma. Da haka ake gane wane kifi ne ke zuba ƙwai, a wace fadama, a wane mako. Irin wannan aiki ne na cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa.

Maganar dattawan ce ke damuna, don ita ke cinye tafkin Kainji. Akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Warangi, ɗan kifin nan mai kama da sadin, kam ƙarami ne har ya tsufa, da tsawon gaɓar yatsa biyu yake ɗaukar ƙwai. Amma dala ba ta tantancewa. In aka ja ta a bakin gaɓa, inda ruwa ya kwanta kan ciyawa, gidan renon kifi aka shara. Ka ɗebi cikin tafin hannu daga kwandon, ka baza a faranti da safe, ka duba da kyau. Mai gashin baki da faffaɗan kai ɗan tarwaɗa ne. Mai faɗin jiki da zane-zane a gefe da ɗigon baƙi a ƙayar baya ɗan karfasa ne. Mai babban baki da manyan idanu, wanda ake shanyawa a tabarma a sayar a mudu, ɗan giwan ruwa ne, kifin da ke iya fin ƙaton namiji nauyi in an bar shi. Wanda bai yarda ba ya tsaga ciki: warangi zai nuna ƙwai, waɗannan babu komai sai hanji. In har yanzu ana musu, a zuba guda 20 a kududdufi, a dawo bayan mako 6 a gani. Ba a buƙatar digiri kafin a kashe wannan gardama, amma shekara da shekaru ana maimaita ta a bakin ruwa.

Ka kuma lura da yadda kowanne ke haihuwa. Tarwaɗa tana hawowa da ruwan farko, ta manna ƙwanta a jikin ciyawa ta tafi. Cikin kwana guda zuwa biyu ya ƙyanƙyashe, kwana 3 yana rayuwa da gwaiduwar cikinsa, bai iya gudu ba. Bargi sheƙa yake yi ta ciyawa, faɗin kusan mita guda, iyaye na gadi. Ka kama su a kan sheƙa, 'ya'yan sun zama abincin wasu. A wasu irin karfasa uwar ce ke goyon ƙwai a baki kusan mako 2, in ta faɗa raga sai ta tofar da su. Uwa ɗaya a watan Agusta ɗaruruwa ce.

Doka ba sabuwa ba ce. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, sai kayan da aka keɓe don kifi irin warangi, ta kuma hana guba da nakiya da lantarki. Abin takaici shi ne jami'in da bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba ya zauna a ofis ya yanka ranar rufe ruwa, alhali kifi hawan ruwa yake bi, ba kalanda ba. A rufe bayan an gama zuba ƙwai, masunta su yi yunwar banza, su daina yarda da kowa.

Don haka in masu binciken sun dawo, ku tarbe su da sarkin ruwa. Ku nuna musu fadamun da kuka san bargi na sheƙa, ku nemi su ba ku sakamakon da Hausa, fadama-fadama, mako-mako. Da shi za ku nemi a rufe wuraren renon kaɗai a makonnin da ruwa ke hawa, a bar muku tsakiyar tafki ku sa kalli, ragar da ake kafawa a ruwa, mai ido inci 3.