Lambar yabo kake so? To zauna ka ji

Ka tambaye ni wai idan abu ya faru ba zato, gobara ko haɗari, yaya za ka yi ka riga kowa fitar da labarin, kuma wane irin rubutu ne ke jawo wa ɗan jarida lambar yabo. Ba zan ɓata yawuna a kan yadda ake tsara kanun labari ko abin da ake sawa a sakin layi na farko ba. Wanda bai san wannan ba ya koma aji. Maganar lambar yabon ce ta sosa mini inda yake min ƙaiƙayi.

Tun kafin wayar salula ta shigo a 2001, wata tankar mai ta kife da asuba a hanyar Kano, gaba da Kwangila kaɗan, nan Zariya, ta kama da wuta, ta haɗa da wata motar fasinja. Ni na fara isa, a kan babur ɗina, na riga 'yan kwana-kwana. Kwalta ta narke har tana kama mini takalmi. Na ƙarar da fim ɗin da ke kyamarata, sannan na bi waɗanda suka jikkata zuwa asibitin koyarwa, lokacin yana Tudun Wada, bai koma Shika ba. Nan na wuni a baranda. Duk wanda ya zo neman ɗan'uwansa sai in zauna da shi, in yi masa jaje, in rubuta sunan wanda yake nema da garinsu da abin da ya fito da shi. Akwai wata tsohuwa da ta gane ɗanta da zoben azurfa da ke hannunsa. Na koma tasha na nemi shugaban 'yan kamasho, muka gwada sunayen da ke hannuna da waɗanda suka san sun shiga motar. Kafin magariba adadin da nake da shi ya saɓa da wanda ake yaɗawa a gari, kuma nawa ne daidai, domin kowane mutum ɗaya ina da sunansa.

Sai ga wani wakilin wata babbar jarida ta Legas ya taso daga Kaduna bayan la'asar, da rigarsa fes, ko ƙaurin hayaƙin bai shaƙa ba. Ya ce mini, "Yaya, jaridarku mako-mako take fita, kafin ku buga labarin ya huce. Ba ni mu buga gobe da sunanka da nawa, kuɗin hoto kuma naka ne." Hausa yake ji kamar ni, mun sha yin sallah sahu ɗaya. Ya karɓi rubutun, ya karɓi fim ɗin ko wankewa ba a yi ba. Labari ya fito a shafin farko, har da tsohuwar da zobenta, jimla bayan jimla yadda na tsara, an dai juya shi zuwa Turanci. Sunana babu, a hoto ma babu. Shekara na zagayowa na ji an kira shi Legas an ba shi lambar yabo da kuɗi a kan wannan aikin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Na je na same shi, ya dube ni ido cikin ido ya ce ina shaidata. Har yau in na gan shi a talabijin yana koyar da ɗa'ar aikin jarida, tashi nake in bar ɗakin.

To ka ji da kyau. Kada ka ba kowa ɗanyen aikinka sai sunanka na kai, kuma akwai shaida. Hoto na asali ya zauna a wurinka da ranarsa da lokacinsa, kwafi kake turawa. Littafin rubutunka kada ka yar. Kyaututtukan 'yan jarida irin su Nigeria Media Merit Award abin da aka buga da sunan mutum suke dubawa, ba wanda zai tambayi wa ya kwana a asibiti.

Batun riga kowa kuwa, ku yaran yanzu kun ɗauka gudu ne aikin. Mutum na kwance a ɗaki, ya ga bidiyo a WhatsApp, ya rubuta "da ɗumi-ɗumi, mutane da dama sun mutu" ya watsa a Facebook. Da dama nawa? Su wane ne? Wa ya ƙirga? Har hoton gawa kuke sawa kafin uwar mamaci ta ji. A wurina wannan rashin tarbiyya ne, kuma yaron da ya yi haka a ƙarƙashina ranar zai bar ofis.

Kada ka raina ƙaramar jarida. A Amurka, jaridar Tuscaloosa News ta wani gari ce da bai kai Zariya yawan jama'a ba, amma ita ta ci kyautar Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida ta ƙasar, ta 2012 a fannin labarin gaggawa, kan guguwar da ta ragargaza garin a Afrilun 2011. Wuta ta ɗauke musu, sai a wani gari suka je suka buga, kuma suka taimaka wa mutane gano 'yan'uwansu da suka ɓace. Sun ci ne saboda sun san unguwanninsu. Mu ma nan Zariya ne aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na edita, ana karanta ta da ƙarfi a zaure ga waɗanda ba su iya boko ba. Wakilin da aka turo daga Abuja bai san mai unguwa ba, bai san wa ke riƙe da makullin ɗakin ajiye gawa ba. Kai ya kamata ka sani.

Gobe da safe ka fara daga tashar Kwangila, ka bi ofishin 'yan kwana-kwana da na jami'an kiyaye haɗurra, ka gaisa da su ka karɓi lambobinsu tun babu abin da ya faru. Ka kawo mini littafin in gani kafin azahar.