Tokyo zuwa Honolulu: me ya sa dawowa ta fi zuwa daɗewa?

Tambaya: Malam, na duba jadawalin jiragen sama tsakanin Tokyo da Honolulu, na ga zuwa awa 7 ne, dawowa kuma kusan awa 9. Hanyar ce ke ƙara tsawo, ko juyawar duniya ce ke jawo haka?

Amsa: Nisan yana nan yadda yake, ɗan'uwa. Daga Tokyo da ke tsibirin Honshu na Japan zuwa Honolulu da ke tsibirin Oahu na Hawai, kimanin kilomita 6,200 ne, kusan duka a kan Tekun Fasifik. Abin da ke bambanta tafiyar biyu iska ce.

Batun juyawar duniya kuwa, mutane da yawa na zaton ƙasa na zamewa ne a ƙarƙashin jirgi. Ai da haka ne, da mai tafiya yamma, wato mai dawowa Tokyo, ne zai riga isa, tunda duniya gabas take juyawa. Iskar da ke lulluɓe da duniya tare suke juyawa, jirgin kuma cikinta yake.

Can sama, tsakanin kilomita 9 zuwa 12, daidai inda jiragen fasinja ke bi, akwai wani kogin iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas. Haɗuwar iska mai sanyi da mai ɗumi ce ke haifar da shi, juyawar duniya kuma ta karkata shi gabas. A sararin Japan lokacin hunturu gudunsa kan wuce kilomita 300 a awa. Jirgi yana gudun kusan kilomita 900 a awa. In ya nufi Honolulu iskar na tura shi ta baya, in ya juyo kuma sai ya yi ta fama da ita, ko matuƙi ya kauce mata ya bi hanya mai ɗan nisa.

Abin da ke burge ni shi ne a wannan yanki aka fara gano wannan iska. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, ya auna ta da balan-balan a shekarun 1920. Sannan a 1952 jirgin kamfanin Pan Am ya hau ta daga Tokyo zuwa Honolulu, tafiyar awa 18 ta koma awa 11 da rabi.

Ka kuma kula da agogo, don nan ne mutane suka fi rikicewa. Tokyo na gaban Honolulu da awa 19, kuma jirgin yana tsallaka layin da kwanan wata ke sauyawa. In ka tashi Tokyo ƙarfe 9 na daren Litinin, za ka sauka Honolulu wajen ƙarfe 9 na safiyar Litinin ɗin nan dai. A dawowa, in ka tashi da tsakar ranar Litinin, sai wajen ƙarfe 4 na yammacin Talata za ka isa Tokyo.