Tambaya da Amsa: Fili mai araha a bakin kogi, in saya?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni mutumin Adar ne, garuwa nake yi a Yamai. Ni da mai ɗakina da yara huɗu muna zaune a bukka cikin dajin dogon yaron da ya zagaye gari. Ba salga, kuma kullum ana ce mana za a tashe mu. Wani dillali ya nuna mini fili a hayin kogi, wajen Kirkisoye, jika 300, ya ce takardar mai unguwa ta wadatar. Jika 200 gare ni. In ci bashi in cika?

Amsa: Ɗana, kada ka ci bashin nan. Na san abin da ke tura ka. Dajin nan tun 1965 aka fara dasa shi don tare iska da rairayi, ba a yanka shi don zama ba, saboda haka wanda ya kafa bukka a ciki da ido ɗaya yake barci. Ni dai ban taɓa ganin adalci a tashin talaka ba tare da an nuna masa inda zai koma ba. Amma wannan ba dalili ne na gudu daga rana a faɗa wuta ba.

Da wane wata aka kai ka ganin filin? Na tabbata da rani ne. Dillalan kwari ba sa yawo da mai saye a Agusta, lokacin da jan ruwan kogin Sirba ke kwararowa daga Burkina ya cika kogin Isa. A 2020 ruwan ya kai wajen mita 7 (santimita 700) a Yamai, alhali daga santimita 620 ake shelar babban haɗari. Shingen ƙasar da ke tare kogi ya ɓalle, Lamorde da Kirkisoye da Saga suka sha ruwa, mutane suka koma kwana a ajujuwan lakwal da tabarminsu a ka. An ga irin haka a 2012.

Ka koma wurin kai kaɗai. Dubi gindin katangar maƙwabta: in ka ga zanen laka ya kai gwiwa ko ƙugu, ko bulon ƙasa ya zagwanye daga ƙasa an toshe da buhunan rairayi, ruwa ya riga ya ba ka amsa. Ka gai da tsofaffin matan unguwar, ka tambaye su inda suka kwana a damunar 2020. Su ba su da kamasho a cinikin.

Ga kuma maganar salgar da kake nema. A irin wannan ƙasa ba ka yi nisa da haƙa ba ruwa ya tarbe ka. Damuna na sauka rami ya cika ya tumbatsa tsakar gida, inda yara ke wasa, ga sauro. Kuɗin da ka rage a fili likita zai ci.

Takardar gargajiya ta mai unguwa kuwa shaida ce kawai cewa gonar ta gidan wane ce. Fili ɗaya ana sayar wa mutum biyu da ita. Ka nemi lambar filin, ka je ofishin magajin gari da ƙafarka, a duba ko an yanka wurin bisa ƙa'ida, kuma ko akwai takardar mallaka da sunan mai sayarwa. In dillali ya fara cewa wani na nan da kuɗi a hannu, bar masa.

Yanzu dai ka kama ɗakin haya a kan tudu, gidan da ke da salga, kusa da famfon da kake ɗiba don kada ka rasa masu sayen ruwanka. Ka biya wata uku gaba, a rubuta maka a takarda da shaidu biyu. Sauran kuɗin ka fitar da su daga bukka yau, don zana ba ta jure wuta, ka ajiye a asusu da sunanka. A gaida mai ɗaki da yara.