Amsa kan sa bidiyon kai tsaye a ɗakin taron kwamfuta

Malam, ka tambaya ko za a iya nuna fuskokin mahalarta kai tsaye a ɗakin taron kwamfuta, wato ɗakin da kwamfuta ke zanawa wanda ake shiga da tabarau na musamman, maimakon surorin da ke wakiltarsu. Ana iya yi, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa hoton kyamara a kan bangon ɗakin, a aika shi ta WebRTC, wato fasahar aika murya da bidiyo kai tsaye ta intanet.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Ƙa'idar G.114 ta ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da shawarar kada murya ta wuce milisakan 150 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya) kafin ta isa kunnen mai sauraro, domin idan ta wuce, mutane sukan riƙa katse wa juna magana, kuma idan leɓe ya motsa kafin sauti ya iso, nan take mai kallo zai ji abin bai zauna ba. Tabarau kuwa yakan sabunta hoto sau 72 zuwa 90 a daƙiƙa, alhali yawancin kyamarori hoto 30 suke bayarwa a daƙiƙa, saboda haka dole a raba zanen ɗakin da karɓar bidiyon, kada tsaikon intanet ya daskarar da komai ya jawo jiri da tashin zuciya.

Kada kuma ka manta cewa wanda ya sa tabarau ya rufe rabin fuskarsa, kyamara ba za ta ga idanunsa ba. Shi ya sa nake ba ka shawara ka fara da bidiyon mai gabatarwa ɗaya wanda bai sa tabarau ba.