Ƙarin baƙin mai ba juye ba ne

Tambaya: Injin ban ruwana bai cika shekara biyu ba, amma ya fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ƙarfinsa kuma ya ragu. Ban taɓa barin baƙin mai ya ƙare ba, kullum ina ƙarawa. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, ina zargin wannan ƙarawar ce ta jawo maka. A irin waɗannan ƙananan injuna, fistin yana hawa da sauka a cikin silinda har sau 3,600 a minti ɗaya. Abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe shi ne ɗan siririn man da ke ratsa tsakaninsu, wanda ko kaurin gashi bai kai ba. Shi ne kuma ke kwashe zafi da datti. To idan ya daɗe, ƙura da ɓarɓashin ƙarfe sun taru a cikinsa, sai ya koma yana gurje ringi, wato zoben ƙarfen da ke kewaye da fistin, maimakon kare shi. Zaro geji, wato sandar auna mai, ka ɗiga man a yatsa ka murza. In ka ji yashi-yashi, man ya gama aiki, kuma zuba sabo a kai ba ya fitar da dattin. Da ringi ya cinye, mai yakan haura sama ya ƙone tare da fetur. Shi ne hayaƙin da kake gani.

Kai wa bakanike ya duba ringi tun kafin injin ya buga. Daga nan ka riƙa juye bayan kowace awa 100 ta aiki, ko ƙasa da haka in ƙura ta yi yawa, kana wanke matatar iska. Sabon inji kuwa, juyen farko a awa 20 ne. A tsiyaye man injin yana da ɗumi, dattin ya fi fita.

Akwai abin da ke damuna duk lokacin da na ga inji a karkace a bakin rafi. Yawancinsu ba su da famfon mai, wani ɗan cokali ne a ciki ke fantsama shi. In inji ya karkace, man ya taru gefe guda, cokalin sai ya riƙa kaɗa iska. Daidaita wurin kafin ka tayar.

Tambaya: Zan iya zuba masa man da aka juye daga tarakta?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Dattin tarakta za ka ɗura masa. Nemi sabo mai lambar da ke cikin littafin injin, galibi 10W-30, ka zuba iya alamar geji, kada ya wuce.