Amsa ga ɗan'uwan da ke jiran ya natsu kafin ya yi baftisma

Ƙanena a cikin Ubangiji, na karanta tambayarka, inda ka ce shekara 3 ke nan da ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, amma kana ta ɗage shiga ajin baftisma har sai ka sami aiki, ka yi aure, ka kuma rabu da wasu halaye da kake jin kunyarsu. Ka tambaya ko akwai laifi a wannan jiran. Akwai, kuma a jikina na san haka.

Bayan rasuwar mahaifinmu, ni da yayana muka sami saɓani a kan gonar gado, har muka yi shekara 4 ba ma gaisawa sai dai a gaban jama'a. Duk ranar Jibin Ubangiji zuciyata takan tuna mini Matiyu 5:23-24, wato mutum ya bar baikonsa a gaban bagade ya fara zuwa ya shirya da ɗan'uwansa. Ban taɓa cewa ba zan je ba. Abin da nake faɗa shi ne bayan girbi, in girbi ya wuce sai in ce da Kirsimeti sa'ad da dangi suka taru. Wata damina zazzaɓi ya kama yayan nawa, kwana 2 kawai ya yi a kwance, kafin in sami mota in isa gida an riga an haƙa kabari. Na gaskata Allah ya gafarta mini, amma maganar da na tanada domin yayana har yau tana bakina, babu wanda zan faɗa wa.

Tun daga nan labarin Filikus a Ayyukan Manzanni sura 24 ya zame mini abin tsoro. Gwamna ne a Kaisariya, ya zauna da matarsa Durusila yana sauraron manzo Bulus, wanda yake tsare a hannunsa, a kan adalci, da kamunkai, da shari'ar da ke zuwa. Maganar ta shige shi har ya firgita, amma sai ya sallami Bulus, ya ce in ya sami zarafi zai sake kiransa. Ya kuwa yi ta kiransa suna zantawa, yana sa rai a ba shi kuɗi, har shekara 2 suka cika Festas ya gaje shi, kuma ba a rubuta mana cewa ya tuba ba. Mutum yana iya jin wa'azi kowane Lahadi alhali tsoron nan na farko yana ta dusashewa. Ka kwatanta shi da mai tsaron kurkukun Filibi a sura 16, wanda aka yi masa baftisma shi da iyalinsa a daren da ya ji bishara.

Game da halayen da ka ambata, mai ciwo ba ya jira ya warke kafin ya je wurin likita, Ubangiji ma da kansa ya ce masu zunubi ya zo kira. Baftisma shaida ce cewa ka mutu ka tashi tare da Almasihu, tsarkakewa kuwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne har ƙarshen rai. Aiki da aure abubuwa ne masu kyau, sai dai Yaƙub 4:14 ya kwatanta ranmu da hazo mai bayyana ɗan lokaci ya ɓace, mu ma mukan ce gobe ta Allah ce.

Shawarata ita ce kada ka jira Lahadi. Ka kira fastonka ko wani dattijon ikilisiya yau, ka ce a rubuta sunanka a ajin baftisma, ka kuma gaya masa gaskiyar abin da kake fama da shi domin ya riƙa bibiyarka. In akwai wanda kuke gaba da shi, ka neme shi a makon nan. Zan sa ka a addu'ata ta safe, kuma ina so ka sanar da mu ranar da aka tsayar.